Bayan sadakar arba'in: ina aikin makaɗi, mai zane da magini ke tafiya?

Duk shekara in watan Yuni ya kama sai ka ga Facebook da guruf-guruf ɗinmu na 'yan Katsina da Daura sun cika da hoton Alhaji Mamman Shata, wannan ya sa shi da babbar riga da makirfo a hannu, wancan ya yanko minti biyu na waƙa ya ɗora, a ƙasa a yi ta jero Allah ya jiƙan maza, Allah ya kyauta namu zuwan. Ranar Juma'a 18 ga Yuni 1999 ya rasu a asibiti a Kano, aka kawo shi Daura aka rufe, garin ubangidanshi Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Fiye da shekara 25 ke nan, amma yaron da aka haifa bayan rasuwar tashi, wanda yanzu har ya yi aure ya aje iyali, da ya ji kalangun nan ya san ko waye.

A maƙabartun Daura da Katsina ɗin nan kuma akwai mutanen da suka yi zamani ɗaya da shi, gwanaye a tasu sana'ar, magina da masu zanen bango, su suka ɗaga sorayen da muke tsayawa gabansu muna ɗaukar hoto ranar hawan sallah, kuma ba mai sa hotonsu, da yawansu ma ba su taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. In ka tambaya sai a ce maka ai Shata ya fi su suna, ko a ce mu Hausawa ba mu da riƙon tarihi, a wuce wurin. Wannan amsar gudun dogon magana ce. Maganar ta fi haka sarƙaƙiya, dan ta taɓo na'ura, ta taɓo doka da rabon gado, ta taɓo har marina da majema.

Kuma kar a ɗauka sana'o'in nan uku sun yi nisa da juna. A ƙauyukanmu da tsofaffin unguwanni sau da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe da su, da damina yana gona, rani ya shigo ya ɗauki gini, in ya gama yaɓe tun ƙasar na da ɗanye ya sa hannu ya fidda zane a goshin zaure, da dare kuma a gan shi a dandali rataye da kalangu ko riƙe da gurmi yana yi wa 'yan mata ko 'yan dambe kiɗa. Irin wannan mutumin in ya rasu za a yi zaman makoki, a yi sadakar uku da bakwai da arba'in inda ake yi, a raba gona da awaki, sai a bar abu uku da ba wanda ya san yanda zai raba su: muryarshi, zanenshi, da ginin da ya yi wa wasu. Kowanne da hanyar da yake bi ya ɓace, kuma ba gudu ɗaya suke ba.

Mu fara da murya, tunda ita ce ta fi sa'a.

Shata a Musawa aka haife shi 1923, ba gidan kiɗa ya tashi ba, haye ya yi, har mahaifinshi bai so abin ba. Ya yi tallan goro da alewa, ya zauna Bakori, ya yi Funtua ya yi Kano. Baiwa kam Allah ya ba shi, wannan ba mai ja, mutum ne da zai tsaya gaban jama'a ya ƙera waƙa nan take 'yan amshi na karɓa. Amma baiwa kaɗai ba ta kawo murya daga 1965 zuwa wayar da ke aljihunka. Abin da ya kawo ta shi ne ya zo daidai lokacin da na'ura ta iso. Gidan rediyon Kaduna ya buɗe 1962, kamfanoni irin su EMI na buga faifan garmaho, daga baya kaset ya shigo ya yi arha, direbobin manyan motoci da na tasha suka yi ta yawo da shi daga Funtua har Agadas. Ka tuna kau sarakunan Dallazawa sun yi kusan shekara 100 suna mulkin Katsina kafin Sarki Dikko ya hau 1906, kowannensu da makaɗanshi na kotso da taushi da tambura, kuma ba mamaki a cikinsu akwai wanda in ya buɗe baki fada ke yin tsit. Ba wanda ya naɗi ko ɗaya. Abin da ya rage ɗan baiti ne nan da can a bakin magada. Dan haka in muna cewa ba a taɓa yin kamar wane ba, mu dai san cewa da waɗanda muka ji kawai muke gwada shi.

Ko a zamanin na'urar ma ba kowa ta ɗauka ba. Hajiya Barmani Choge ta Funtua da ta rasu 2013 ta samu shiga faifai da talabijin, shi ya sa ake tuna ta, amma mata nawa ne suka yi kiɗan ƙwarya a cikin gidajen biki inda namiji mai rikoda ba ya shiga? Sun tafi da kayansu.

Sannan shi kanshi Shatan da muke ganin ya tsira, bai tsira yanda muke zato ba. Har yau ba wanda zai ce maka ga adadin waƙoƙinshi, dan waƙa ɗaya yakan yi ta a Kaduna da wata siga, ya je biki Zariya ya sake ta da wasu baituka, ya ƙara sunan wanda ya yi kyauta a wurin ya cire wanda suka ɓata. Kowace naɗa waƙa ce mai zaman kanta. Je wurin masu tura waƙa a waya a kasuwa ka ce a zuba maka Shata a memori, za ka samu ɗaruruwa, amma ba shekara, ba wurin da aka yi, sunan ma wani lokaci yaron shagon ne ya laƙa mata daga kalmar farko da ya ji, wata an yanke kanta, wata an haɗe ta da gutsuren wata, wata kuma wani ya ɗora muryarshi a tsakiya yana tallan shagonshi. Daga babban tef aka kwafa zuwa kaset, daga kaset zuwa kaset sau ba adadi, daga nan zuwa kwamfuta, sannan WhatsApp ya ƙara matse ta, kafin ta iso kunnenka kuntukun ya ɓace sai tsiwar kalangu da shuuu. Su kuma asalin tef ɗin, zafi da ƙura da hunhuna ba su raga masu, in ya daɗe a aje sai ya manne ko ya riƙa zubar da garin da sautin ke kai.

Abin da ya fi ci mani rai a nan shi ne mutanen bayanshi. Shata ba shi kaɗai ke tsayawa ba, akwai makaɗan kalangu, akwai 'yan amshi, akwai sanƙira mai yi mashi kirari yana zuga shi. Cire su ka ji abin da zai rage. Amma mutum nawa cikin masu cewa su masoyan Shata ne za su iya kawo sunan uku daga cikinsu? Wato ko a cikin waƙar ma akwai waɗanda aka manta tun suna da rai.

To waƙar ta waye bayan mai ita ya kwanta dama? Nan ne rigimar take, dan masu iƙirari sun kai huɗu. Magada na cewa ta ubanmu ce. Kamfani ko gidan rediyon da ya naɗa na cewa faifan namu ne. Iyalan wanda aka yi wa waƙar na cewa ta kakanmu ce, shi ya ba da doki da mota da kujerar Makka aka yi ta, kuma wallahi a al'adance suna da abin faɗa, dan a wurin Bahaushe waƙar wane ake cewa, sunan wanda aka wasa ake kira. Na huɗu shi ne yaron da ya buɗe tasha a YouTube ya zuba su yana karɓar dala, shi bai ma ce komai ba.

Doka ta raba abin gida biyu, kuma mutane da yawa ba su san haka ba. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda ɗan Daura ne ma ya sa mata hannu, marigayi Shugaba Buhari, a watan Maris 2023, ta ce ita waƙar kanta, wato baitukan da karin, haƙƙinta na nan har shekara 70 bayan shekarar da mai ita ya rasu. Ga Shata ke nan sai ƙarshen 2069. Amma naɗaɗɗen sautin, faifan ko tef ɗin, nashi wa'adin shekara 50 ne daga fitowarshi, kuma galibi na wanda ya ɗauki nauyin naɗar ne. Faifan da ya fito 1972 nashi wa'adin ya cika tun ƙarshen 2022, amma baitukan da ke ciki suna nan a hannun magada. Ka ga ke nan wanda ke cewa ai tsohuwar waƙa ce ta zama ta kowa ya yi kuskure, wanda ke cewa komai namu ne shi ma bai cika daidai ba. Kuma dokar sai abu ya shiga wani mazubi take kare shi, a rubuce ko a naɗe, waƙar da aka yi a dandali iska ta kwashe ba ta da takarda.

A takarda ke nan. A ƙasa kau, makaɗin Hausa na wancan zamanin bai taɓa rayuwa da kuɗin faifai ba, faifai talla ce, abinci na wurin biki da hawan sallah da gidan ubangida. Ya rasu, bikin ya tsaya, kyautar ta tsaya, abin da ya rage shi ne wanda shi bai taɓa ɗauka dukiya ba, kuma shi ne yanzu ya zama dukiyar. Malamin da aka kira rabon gado zai lissafa gida da gona da mota, ya fidda tumunin takaba, ya ba namiji biyu mace ɗaya, ba ya sa waƙa a lissafi, magadan ma ba su kawo mashi ita. Alhali majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi tun zamanta na Kuwait a 1988 ta yanke cewa haƙƙin ƙirƙira da na wallafa haƙƙi ne da shari'a ke karewa. Sai dai a nan wata ƙura ke tashi, dan kiɗa ne, kuma malamanmu ba su haɗu a kan hukuncinshi ba. Akwai gidajen makaɗa, ba ɗaya ba ba biyu ba, da ɗiyan suka yi karatu suka zama malamai ko ma'aikata, abin da suke so shi ne a daina sa waƙar baba gaba ɗaya, suna tsoron kar alhaki ya riƙa bin shi kabari, wasu kuma kunyar a ce masu ɗiyan maroƙa suke ji, dan mun san yanda ake yi in an zo neman aure. Ba na ganin laifinsu kai tsaye, mu ne muke rawa da waƙar uban da rana mu hana ɗan aure da dare. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa 1988, gwamnati ta ba shi lambar MON, amma wannan bai sauya yanda ake kallon ƙaramin makaɗin unguwa ba ko kaɗan.

Mu koma kan magini, wanda shi nashi ya fi muni ta wata fuskar, duk da aikinshi ne ya fi girma a ido.

Gini da sunan mai shi ake kiranshi. Fadar Sarkin Katsina, Gidan Korau muke cewa. Hasumiyar Gobarau in ka tambayi ɗan firamare zai ce maka tun zamanin Muhammadu Korau, ƙarni na 15, wani ya ƙara maka da zuwan Shehu Magili. Tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe 1922, wadda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu a ciki, yanzu gidan tarihi, za a lissafa maka gwamnan Turawan da ya buɗe ta da ɗaliban da suka fita, amma hannun da ya murza tubalin ya ɗaure bakan gizon ba ya cikin labarin. Haka ƙofofin gari, Ƙofar Sauri, Ƙofar Guga, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Ƙaura, kowace da tarihin wanda aka sa mata sunanshi ko abin da ya faru a wurin. Makaɗi yakan saka sunanshi a cikin waƙarshi ya yi wa kanshi kirari, duk wanda ya saurara dole ya ji, shi kau magini ba inda zai sa, ya karɓi ladanshi ya wanke ƙafa ya tafi.

Wanda ya fita zakka a ƙasar Hausa shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu na Zariya, wanda ya gina masallacin Juma'a na birnin a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajajen 1830 zuwa 1840 da wani abu. Me ya sa shi aka riƙe sunanshi? Na farko an ba shi sarauta, sarauta kuma gado ake yi, zuri'a na riƙe da ita har da unguwa mai sunan. Na biyu labari ya manne mashi, ana ba da labarin wai wani sarkin Birnin Gwari ya sa aka kashe shi bayan ya gama mashi gini dan kar ya je ya yi wa wani irinshi, gaskiya ne ko ƙari ne, labarin ya yi mashi aikin da waƙa ke yi wa sarakuna. Na uku masu bincike sun zo sun auna sun zana sun rubuta. Duk da haka a shekarun 1970 sai da aka lulluɓe masallacin da sabon ginin kankare, wani sashe na tsohon ne ya rage a ciki. Wannan fa shi ne Babban Gwani. Ina ga maginin Unguwar Alkali ko na bayan Kusugu?

Mu a nan akwai sarautar Sarkin Magina, kuma da ita ce ke riƙe da ilimin, yaro ya fara da ɗebo ruwa da cuɗa ƙasa, ya koma miƙa tubali, shekaru kafin a bar shi ya hau bango, kafin kuma a yarda ya ɗaura guga, wato rufin soro mai bakan gizo. Ba littafi, a hannu abin yake. Kuma ginin ƙasa ba a gama shi a tafi, kullum cikin gina shi ake. A haƙo jar ƙasa a kwaɓa da ramno a bar ta ta kwana ta ruɓa, a murza tubali mai kai kaman ƙwai a shanya, a jera shi tsaye ana cike tsakani, a kawo azara ta giginya wadda gara ba ta ci a shimfiɗa, inda ɗakin ya fi tsawon azarar a yi ta ɗaura su gaɓa-gaɓa ana turo su daga bango har su haɗu a sama, shi ne bakan gizon da kake gani a fada ka ɗaga kai kana mamaki. A sa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a fidda indararo, a ɗaga zanko a kusurwa. Sannan a zo kan abin da ke hana ruwa, makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara.

A nan nake so mai karatu ya tsaya. Katsi daga ina? Daga gindin karofi, dattin baba ne da ke kwantawa, a kwashe a shanya a ƙona. Gashin jima daga majema. Wato magini na rataye da marini da majemi. Ranar da atamfa da shadda ta kanti da rinin bature suka kashe marina, ba marina kaɗai suka mutu ba, laso ya bi su, kuma ba wanda ya lura sai da soraye suka fara yoyo. Giginya kuma shekaru masu yawa take kafin ta isa a fasa ta a yi azara, an sare ba a dasa ba. Ɗorawa ta tafi itacen wuta da gawayi. Kududdufan da ake ɗibar ƙasa an cike su an yanka fuloti. Ko da ɗan maginin ya gaji hannun ubanshi cif, in ka ce ya yi maka irin na da, sai ya yi tafiya kafin ya haɗa kayan, kuɗin ya zarce na bulo da kwano, kai kuma dama kana jin kunyar a ce gidanka na ƙasa ne. Sai ya koma ɗora bulo, ɗanshi kuma ya sayi babur.

Gidan da ya rage kuma abu uku ke cin shi. An ɗaga titi an zuba kwalta, ruwan Agusta da da ke wucewa yanzu gindin bango yake kwanciya. An zo da siminti an shafe bangon ƙasa da shi da sunan gyara, alhali kaman ka ɗaure gyambo da leda ne, daga waje fes, ciki kau danshi ya rasa hanyar fita yana cin ƙasar, wata rana sai simintin ya ɓanɓaro da rabin bangon. Sai kuma gado, mai gida ya rasu magada goma sha, ba wanda zai sa kuɗinshi ya yi yaɓen gidan da ba nashi shi kaɗai ba, shekara uku huɗu ba yaɓe soro ya tsage, a ce a sayar a raba, mai saye ya kawo katafila. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da aka kafa 1979 abin da aka ayyana kawai take karewa, irin su Gobarau, zauren wani attajirin goro na 1940 ba ya cikin lissafinta, ko da kau ya fi kyau.

Wani abin da ke ba ni mamaki, maginin da ya gina masallaci kowa ya yarda yana da rabo a ladan duk sallar da aka yi a ciki, ba malamin da zai yi gardama, ɗiyanshi ba su da abin jin kunya. Shi ne kuma ba a san sunanshi ba. Makaɗin da ake ta muhawara a kan sana'arshi shi ne sunanshi ke bakin kowa.

Shi mai zane ba zan daɗe a kanshi ba dan nashi gajere ne. Zanen a fatar bango yake, shi ruwa ke fara duka, shi ake fara kankarewa in za a yi gyara. Dagi, takobi, da irin su keke da agogo da jirgin sama da masu zane suka riƙa sakawa a fuskar gidajen 'yan kasuwa tsakiyar ƙarnin da ya wuce dan a san mai gidan ya waye, yawanci ba su kai ran wanda ya yi su ba ma. Wanda aka sabunta kuma da fentin mai aka bi shi, kore shar da ja da ruwan ɗorawa, layin na nan amma hannun ba shi ba ne. Haka mai ɗinkin aska takwas, rigar na jikin basarake ana yaba basaraken.

Kar a ce kuma haka abin yake ko'ina, ko a ce ƙaddarar ginin ƙasa ce. Nan maƙwabtanmu Nijar, a garin Yama cikin jihar Tawa, wani magini Bahaushe manomi, Falke Barmu, ya fara masallacin garinsu 1962 da ƙasa, ya yi ta ƙara mashi hasumiyoyi, 1986 aka ba ginin kyautar Aga Khan ta gine-gine, kuma da sunan maginin aka rubuta. A Jenne ta ƙasar Mali duk shekara gari ke fitowa kwata, maza da mata da yara, a yi wa babban masallaci yaɓe rana ɗaya kaman sallah, magina na gaba suna nuna inda za a sa hannu, kuma ta haka yaro ke koyo ba tare da an ce mashi zo ka koya ba. Mu ma da muna da gayya, da ita aka riƙa gyaran ganuwa. Ganuwar Katsina yanzu sai ka nema kafin ka ga guntunta.

To me ake yi a nan? Ana yi, ba a ce ba a yi ba. An rubuta tarihin Shata littafi guda bayan rasuwarshi, akwai masu bin tsofaffin kaset gida-gida da kuɗin aljihunsu suna juyewa, Allah ya saka masu. A sashen Hausa na jami'o'i, har da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke nan, ɗalibai na rubuta kundin kammala karatu a kan makaɗa, salon wane, jigon wane, duk da yawanci a kanta kundin ke ƙarewa ƙura na hawa. Amma ka lura da inda ramin yake, sashen Hausa da magana yake aiki, waƙa magana ce dan haka ta samu gida. Masu karatun zanen gine-gine kuma kankare da ƙarfe ake koya masu dan shi kasuwa ke nema. Magini ya faɗa tsakani, ba na wannan ba ba na wancan ba.

Shi ya sa ni in aka ce ga ɗan kuɗi kaɗan, ko Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha ce ko wani mai hali, a zaɓi inda za a fara, ba taron tunawa da Shata zan ce a yi ba, a kafa rumfa a yi jawabi a ci shinkafa. Shata zai iya jira, kwafinshi na cikin wayoyi dubbai ko da a gurguje ne. Waɗanda ba za su jira ba su ne tsofaffin da suka tsaya bayanshi da bayan irinshi suna amshi, su kaɗai za su saurari naɗa su ce wannan a gidan wane aka yi ta, shekarar kaza, wane ne ke kan kalangu, da kuma dattawan magina na Katsina da Daura da suka haura 70 da 80, waɗanda suka taɓa haɗa laso da hannunsu. Waɗannan ba hira za a yi da su a kan tabarma a tambaye su shekararsu nawa da matansu nawa ba. A nemo katsi ko daga Kano ne, a nemo azara, a samu fili a ce baba ɗaura mana guga ɗaya muna kallo, a sa yara uku huɗu masu sha'awa su riƙa miƙa mashi, wani na ɗauka da waya tun daga kwaɓin ƙasa har ɗaga zanko, a biya shi ladan gwani ba na lebura ba. Sannan a ɗauke shi a mota a zaga da shi cikin gari lungu-lungu yana nunawa, wannan zauren babana ya yi shi, wancan soron ni da wane muka ɗaga shekarar da Sarki Usman Nagogo ya rasu, wani na rubutawa da lambar gida da sunan unguwa.